Ƙafar Alhaji da Ruwan Buta

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba mu ruwa, ya kuma ba mu hankalin sanin inda ake zuba shi.

Sunana Hauwa, amma a Zangon Agege Uwar Talatu ake ce mini. A nan aka haife ni, a gidan da yake girgiza duk lokacin da jirgin Kano ya wuce. Sai da na aurar da 'yata sannan na shiga ajin manya na koyi riƙe alƙalami, kuma tun ran da na iya haɗa baƙi nake so in rubuta wannan labari. Mijina ya tafi Makka da ƙafa biyu, ya dawo da ƙafa biyu. A cikin gidansa, a gaban mutanen da suke cewa suna ƙaunarsa, aka raba shi da ɗaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Sana'armu goro. Yarabawa su kawo daga gonakinsu, mu zaɓa, mu jera cikin ganye, mu yayyafa ruwa, a ɗaure huhu, wato babban ƙunshin goro, a loda a jirgi zuwa Arewa. Ku riƙe maganar ruwan nan. Mu mutanen goro da ruwa muka san ana raya abu. In ya fara yaushi, a yayyafa masa. Amma kowace mai zaɓen goro ta san in ruwan ya yi yawa ruɓewa yake yi. Tun ina yarinya na san wannan. Da abin ya zo kan ƙafar mutum sai na manta.

Ta ƙasa maigida ya yi tafiyar, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama: jirgi zuwa Kano, mota zuwa Sudan, sannan ya ƙetare ruwa. Shekara ɗaya da rabi ni ce a rumfa. Ran da ya sauka a tasha, Zango kaf ta fito. Mahauta suka bar nama, 'yan dako suka ajiye kaya. Ya sauko cikin farar jallabiya, ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru, mata na guɗa, maza na rububin taɓa hannunsa su shafa a fuska. Ni ma na yi kuka. Da na ji an ce "ga matar Alhaji", sai da na gyara ɗaurin kallabina.

Abu biyu ya dawo da su. Na farko alƙawari: ya ce a gaban Ɗakin Allah ya ɗaura niyyar ba zai ƙara zama babu alwala ba har ya mutu, da ta karye zai sake. Na biyu ɗan rauni a ƙarƙashin babban yatsansa na hagu, inda ƙusar mota ta soke shi a hanyar dawowa. Bai kai ƙwayar masara girma ba.

Mutane suna cewa addu'ar wanda ya dawo daga Makka ba ta faɗuwa ƙasa har kwana arba'in. Don haka makon farko zaure ya cika maƙil, har daga Sabon Yaba ake zuwa. Yayarsa, Yaya Dije, ta iso daga Ibadan da sunan barka da zuwa, ta kwance kayanta a ɗakina kamar ba ta da ranar komawa. Ni ina dafawa, ina ɗibar ruwa. Jim kaɗan sai Alhaji ya baro baƙi ya shigo ya kewaya, ya fito ya zauna a kan dutsen tsakar gida ya ce, "Hauwa, buta." In cika, in miƙa. Ya wanke fuska, ya wanke hannu, ya zo kan ƙafar nan ya cuccuɗa tsakanin yatsu sau uku. Wata rana na lura, tsakanin hantsi da la'asar sau tara ya yi.

Baƙi kuwa sai murna. "Kun gani? Alhaji ba ya rabuwa da buta!" Yana shanye kwano guda na ruwa ya nemi ƙari, suka ce wanda ya sha Zamzam ai ruwan Ikko ba ya kashe masa ƙishi. Yana ƙara ramewa, suka ce hasken ibada ne. Na danna raunin da yatsa na ce, "Da zafi?" Ya ce ko kaɗan. Yaya Dije ta ce, "Ƙafar da ta taka Arfa ce za ta ji zafin ƙusa?"

Duk alamar da cuta ta nuna mana, muka ɗauka muka naɗa mata rawani.

A mako na biyu na ce masa, "Alhaji, rumfa fa? Masu saye suna ta tambayarka."

Ya ce, "Kasuwa wurin ƙarya ne da rantsuwa. An wanke ni tas, ba zan koma in yi datti ba."

Na ce, "To ni da nake zaune cikin dattin shekara ɗaya da rabi? Tuwon da baƙinka suke ci, daga ina kake tsammanin yake fitowa?"

Ya ja casbi. Na san abin da yake gudu. Kafin tafiyarsa yana da wata ɗabi'a: goro mai sankara, wato wanda tsutsa ta cinye ta ciki amma bayansa lafiya lau, ba ya zubarwa. Cusa shi yake yi a tsakiyar huhu, ya jera masu kyau a sama. Ya san in ya koma rumfa hannunsa zai nemi tsohon halinsa. Maimakon ya je ya yi faɗa da hannun, sai ya zauna a zaure ana shafa shi.

Mako na uku raunin ya yi fari fat kamar hannun mai wanki, gefensa ya kumbura, ya fara ɗan wari. Maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarabiya da take kawo mana goro tun zamanin uwata, ta shigo aron turmi. Ta bi ta bayan ɗaki, sai ta dawo ta kama zanena.

"Iyawo Alaji, matar Alhaji, zo ki ga abu."

Inda Alhaji yake tsugunawa kiyashi sun yi baƙi ƙirin.

Ta ce, "Babana haka ya yi. Suga ne a jiki. Ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya sha ruwa, ya yi fitsari. Ki kai shi wurin dokita. Yau, ba gobe ba."

Na shiga na gaya wa Yaya Dije. Ta ajiye goron da take ɓarawa ta dube ni sama da ƙasa.

"Yanzu Bayarabiya ce take leƙa fitsarin Alhaji? Ke kuma kin buɗe baki kin maimaita? Ke dai ba ki da ta ido. In kiyashi sun bi, ai sun san inda albarka take."

Wallahi haka ta ce. Kuma ban kai shi wurin dokitan ba.

Daga nan magunguna suka fara shigowa, kowanne jiƙaƙƙe. Wani mahauci ya kawo bagaruwa a jiƙa a tsoma ƙafar safe da yamma. Wani ya kawo saiwa a dafa a gasa. Yaya Dije ta buɗe gwangwanin Zamzam da ya zo da shi, ta jiƙa tsumma ta naɗe yatsan, ta ce kada a kwance sai bayan kwana uku. Ba ni da ta cewa a kan Zamzam, na sha, na gode Allah da ya nuna mini shi. Amma tsumman tsohon zane ne, kuma damina ce, Agege ko bango gumi yake yi. Ran da aka kwance, ƙudaje ne suka riga mu gani.

A mako na huɗu na je wurin Malam Ilu, tsohon limamin ƙaramin masallacinmu, wanda bai taɓa wuce Zariya ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa komai, har da kiyashin. Ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. Ya tarar da zaure da mutane, ya duba ƙafar. Ina bayan asabari ina ji.

Ya ce, "Alhaji, ka je asibiti. Kafin nan kuma, shari'a ta yi maka rangwame. Ka ɗaure wurin da busasshen ƙyalle mai tsabta. In ka zo alwala ka jiƙa hannu ka shafa a kan ɗaurin. Alwalarka ta cika, ba ta ragu da komai ba."

Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, rangwame na waɗanda suka gaza ne. Da idona na ga tsofaffi suna rarrafe suna ɗawafi. Ni ɗan yatsa ne zai sa in yi wa Allah rabin alwala?"

Wani daga cikin baƙin, mai sayar da fata, ya yi dariya ya ce, "Malam dai bai je ba. Bai san abin da Alhaji ya gano ba."

Malam Ilu ya ce, "Gaskiya ne, ban je ba. Amma wanda ya kira shi can shi ne ya yi rangwamen nan. Kyauta aka ba ka, Alhaji, kana mayarwa don kana ganin ka fi ƙarfinta."

Malam ya sa takalminsa ya fita. Ba a jima ba Alhaji ya shigo ya zauna a kan dutse ya ce, "Hauwa, buta."

Na cika na miƙa masa.

Wannan wurin ne nake so matan da za su karanta su tsaya. Na ji Iya Sikira, na ji Malam Ilu, hancina ma ya gaya mini. Amma na cika butar, kuma na ci gaba da cikawa har kusan mako biyu. Ba tsoron Alhaji nake ji ba, kowa a Zango ya san bakina. Abin da na ji tsoro shi ne a ce matar Alhaji ce ta hana shi alwala. Sunan nan ya yi mini daɗi. Fushin da nake yi da Yaya Dije da mai fata, rabinsa nawa ne.

Kwana arba'in na cika, zaure ya fara yin fili. Ko addu'ar ce suka ga ta ƙare, ko warin ne ya kore su, su suka sani. Zazzaɓi ya rufe shi. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, jan layi ya hau bayan ƙafar. Ranar wata Talata da hantsi ya lallaɓo ya zauna a kan dutse yana rawar ɗari.

"Hauwa, buta."

Na ce, "Babu."

"Me kika ce?"

"Na ce babu. Ga ƙyalle ga hannunka. Ka shafa, ko ka zauna haka."

Yaya Dije ta fito tana salati. "Yau na ga matar da za ta kai mijinta wuta!"

Na ce, "Yaya, wutar ga ta nan a ƙafarsa, ku kuka hura ni na yi fifita. Ki matsa mini."

Na fita na kira 'yan dako biyu daga rumfa, suka ɗora shi a amalanke aka tura zuwa tasha. Ta hanyar nan aka rako shi da guɗa ran da ya dawo. Yanzu waɗanda suka yi rububin hannunsa suna daga rumfunansu, wasu sun sa hannun riga a hanci. "Sannu Alhaji" daga nesa, shi ke nan.

Jirgi ya kai mu Iddo, muka hau motar katako muka ƙetare gada zuwa wani asibiti a cikin Ikko. Muka tarar da layi har waje. Alhaji na kwance a kan zanena a baranda, rana ta juyo kansa, ina kare shi da mayafi. Da muka kai gaban mai ba da kati sai ya rufe taga, ya ce na yau ya ƙare. Na roƙe shi da Yarabanci, na nuna masa ƙafar, ya ce kowa a nan da ƙafarsa ya zo. Allah ya isa tsakanina da tagar nan. Muka kwana gidan wani ɗan'uwa, washegari na riga kowa.

Allah ya haɗa mu da wani diresa, mai wanke ciwo, Bahaushe tsohon soja da ake kira Saje. Ya ji ina faɗa da Hausa ya waiwayo ya ce, "Uwa, daga ina?" Shi ya shigar da mu, shi ya yi mana tafinta. Likitan matashi ne, Bayarabe. Ya kwance ƙyallen, ya ja da baya, ya yi magana da zafi.

Saje ya ce, "Ya ce wa yake jiƙa ƙafar nan?"

Na ce, "Ni."

Kalma biyu na riƙe daga bakin likitan. Ɗaya "gangirin", Saje ya ce ma'anarta naman ya mutu alhali mai shi yana da rai. Ɗayar "dirai", ya yi ta maimaita ta yana buga tebur, Saje ya ce wato a bushe. Aka gwada fitsari aka ce suga ne, kamar yadda Iya Sikira ta faɗa ba tare da kwalba ko takarda ba. Shi ke kawo ƙishin, shi ke kawo yawan kewayawa, shi ya kashe jin zafin. Saje ya ce da an zo tun makon kiyashi, kuma an bar wurin a bushe, da wataƙila ko yatsan ba a rasa ba.

Suka cire yatsan, suka shiga yi masa allura. Mako biyu ina hawa jirgin safe da kwanon abinci, in dawo a na yamma in duba rumfa. Baƙin bai tsaya ba, ya haye idon sawu. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba zai kai ga rai. Aka kawo takarda ya dangwala yatsa. Ya ƙi.

Ya ce, "Da ita na yi ɗawafi, Hauwa. Da me zan tsaya gaban Allah?"

Na zauna a bakin gadon. Ban tausasa murya ba, don lokacin tausasawa ya wuce.

Na ce, "Alhaji, shekara nawa kana cusa mai sankara a tsakiyar huhu? Ka fi kowa sanin abin da yake yi wa sauran kafin jirgi ya kai Kano. Yau kai ne huhun. Ka bari a cire."

Ban taɓa faɗa masa na san wannan ba. Ya dube ni, ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Can ya miƙo hannu aka shafa masa tawada. Ni ma aka ce in dangwala a matsayin shaida. Na dangwala a kan takardar da ban san abin da ta ce ba, alhali ƙafar mijina ce a ciki. Ranar na ƙudurta sai na koyi karatu.

Wata biyu ya yi a kwance. Tasoshina na aure da akwatin zannuwana duk sun tafi a jinyar nan, ban kuma yi kukansu ba. Ina gode wa Saje, Allah ya jiƙan iyayensa. Ina gode wa wata nas da take juya shi ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Iya Sikira ta riƙe mini rumfa ranakun da na kasa, ba ta taɓa cewa "ai na gaya miki" ba. Malam Ilu, wanda aka yi wa dariya don bai je ba, duk mako sai ya hau jirgi da tsufansa ya zo. Zuwansa na farko ya ciro wani dutse daga aljihu, irin na shimfiɗar layin dogo, ya wanke shi tas, ya ajiye a gefen matashi ya ce, "Ran da ruwa ya gagara, ga taimama." Alhaji ya karɓa da hannu biyu.

Mai fata bai zo ba. Cikin waɗanda suka cinye mini buhun shinkafa a zaure, waɗanda suka leƙo ba su cika hannu ɗaya ba. Yaya Dije ta koma Ibadan tana gaya wa mutane na kai ƙanenta an yanka. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ni ba zan fara ba da haƙuri ba.

Da aka sallame shi, ya shige ɗaki ya ƙi fita. Ga sandunan dogarawa a jingine, ba ya taɓa su. Masallaci ma ya ƙi, wai kunya. Na bar shi mako uku. A na huɗu na sa aka shigo da kwandon goro har gabansa, na ajiye ganye da faranti.

Na ce, "Ƙafa aka yanke, ba hannu ba. Zaɓi."

Ya yi kamar bai ji ba. Na tafi na dawo da azahar, na tarar ya kusa rabi. A gefe ya tara wani ɗan tsibi daban. Na ɗauki ɗaya na fasa, sankara ce. Na fasa wani, sankara.

Na ce, "Waɗannan fa? Tsakiya?"

Ya ce, "Bola."

Yanzu kullum yana rumfa, a kan benci, sandunansa a jingine da ginshiƙi. Yana ciniki, yana faɗa da 'yan dako, wani lokaci ransa ya ɓaci ya yi rantsuwa sannan ya yi istigfari. Ba mai shafa hannunsa. In ladan ya kira, ya yi alwala ya dogara zuwa sahun Malam Ilu, ya yi sallarsa a zaune. Na taɓa tambayarsa alƙawarin da ya yi a Makka, ya ce ya kai wa Malam maganar, Malam ya ce ya riƙe salloli biyar ɗin nan da kyau, ya kuma riƙe tsakiyar huhu.

Ke da mijinki ko ubanki ya dawo daga Makka, ki yi guɗa, ki sha Zamzam, ki karɓi addu'a. Sannan ki duba ƙafarsa, ki duba bayan ɗaki. In malami ya ce Allah ya yi sauƙi, kada ki bari 'yan zaure su ce sun fi Allah sanin abin da ya dace da shi.

Rannan ina zuba masa ruwa a kan ƙafar da ta rage, na tsane ta da busasshen ƙyalle har tsakanin yatsu kamar yadda Saje ya koya mini. Ya dubi inda ɗayar take a da, ya ce, "Allah ya yi mini rangwame na ƙi, shi ya sa ya karɓi ƙafar."

Na ce, "Kada ka ɗora wa Allah, Alhaji. Shi cewa ya yi ka shafa. Kai ka ce buta, ni na miƙa."